Ranar da Jirgina Ya Ƙi Sauka

Ina da ƙaramin jirgin wasa, irin wanda ake riƙewa da igiya biyu, yana kewaya ka kana juyawa da shi. Da mai yake aiki, kuma da man ya ƙare sai ya sauka da kansa. Ni kuwa, babban mai gyaran rediyo a Tanut, na ga wannan ƙauyanci ne. Na cire injin, na sa na lantarki, na ɗaura batir mafi ƙarfi a shagona.

Ranar kasuwa na kai surukina, mahaifin matata, bayan gari ya ga ilimi. Daga Belbeji ya zo sayar da raguna.

Jirgi ya tashi lafiya. Sai da jiri ya fara ɗibata na tuna ban sa abin kashe shi ba. In na saki igiya, sai kan 'yan kallo.

"Malam, yaushe zai sauka?" in ji surukina.

"Baba, sai batir ya ƙare."

Ya gyara zama.

Na riga jirgin sauka, cikin ƙarangiya. Har yau in na je Belbeji, tsohon yakan nuna ni ya ce a shimfiɗa wa Katantanwa sarkin juyi tabarma, amma nesa da tukwane.