Ranar Da Auduga Ta Huda Ni

Ni fa a Wara an san ni da taurin rai. Wanzami ya sha kafa mini ƙaho a baya ina cin gyaɗa. Da ciwon ƙugu ya hana ni tuƙa kwalekwale, aka ce akwai wata likita a Yelwa mai haska jan hasken leza a wuraren da ake soka allurar gargajiyar Sin. Na ce wannan ai wasan yara ne.

Ƙanen matata, Sahabi, ya raka ni. A mota ya ce, "Yaya, an ce hasken ga har ƙarhe yake yankawa."

Na ce, "Ƙarhe dai. Ni na hi shi."

Da muka isa wurin likitar, na kwanta rub da ciki, maganar ƙarfen nan tana yi mini yawo a ka. Sai na ji abu ya taɓa bayana. Na zabura, na kwarma ihu: "Wayyo Inna! Ta huda ni!"

Likitar ta ɗaga 'yar auduga mai danshi. "Malam, goge wurin nake yi. Ko wuta ba a kawo ba."

Da aka tada janareta aka haska, ko ɗumi ban ji ba. Sahabi na bakin ƙofa yana share hawayen dariya.

Ya rantse ba wanda zai ji. Shi ya sa yanzu da na sauko bakin ruwa, masu jirgi ke cewa, "A ɓoye auduga, ga jarumi nan tahe!" Inna ma ta aiko: wai ta ji kiran, shanyar shinkafa ce ta tsare ta.