Kwamfuta a Buhun Zakka

Tun da na taɓa gyara wa Baba rediyo, mutanen gidanmu a Gwaram ke kirana Injiniya. Don haka ranar da ƙanwata Maryam ta zo hutu daga jami'a, kunu ya zube mata a kwamfuta, alhali duk aikin kammala karatunta yana ciki, ko gezau ban yi ba.

"Share hawayenki," na ce mata. "Shinkafa tana tsotse ruwa."

Jin haka kawai na taɓa yi, kuma na daɗe ina son in gwada. Na shiga ɗakin hatsi, na binne kwamfutar a tsakiyar buhun shinkafa, na ɗaure. Ban gaya wa kowa ba, don boka ba ya tallan sirrinsa.

Ashe buhun da Baba ya ware na zakka ne. Washegari aka kai wa wata tsohuwa a ƙauyen Maruta.

Da muka bi sawu, muka tarar tana yanka kuɓewa a kan kwamfutar, tana yabon santsin farantin.

Aikin Maryam dai ya tsira, ni ne ban tsira ba. Har yau in kaka ta yi, sai Baba ya ƙwalla mini kira: "Injiniya, bana kwamfuta nawa za mu fitar?"