Ranar Da Na Hana Surukina Tashi

Ba zan taɓa mantawa da ranar da asirina ya tonu a gaban Alhaji ba, mahaifin Rashida, wadda nake nema da aure a Fagge.

Ni injiniya ne mai gyaran jirgin sama, wannan kam gaskiya ce. Amma da na je gaishe shi sai bakina ya ƙara gishiri, na ce ina da yara goma a ƙarƙashina (Allah ya yafe mini, ko rabin yaro babu). Kamfaninmu ya rage ma'aikata don tsimin kuɗi, ya jefa ni wani ƙaramin filin jirgi ni kaɗai kamar maye. Ni ne duba taya, ni ne jan tsani, wata rana har da lodin jakunkuna.

Wata Alhamis ina ƙarƙashin jirgin da zai tafi Kano, baƙin mai har goshi, sai na ga birki yana yoyo. Na ce ba zan sa hannu ba, kuma in ban sa ba jirgi ba ya tashi. Fasinjojin da suka jeru za su hau suka yo kaina caa. Wa ke kan gaba? Alhaji, cikin babbar riga. Ashe ya kai wa abokan cinikinsa atamfa, yana saurin komawa shagonsa a kasuwar Kantin Kwari.

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Nan kan kwalta na durƙusa, sifana a hannu, na gaishe shi.

"Au, kai ne? To kira yaran naka mana su gyara."

"Alhaji, ai... ni kaɗai ne."

"To sa hannu mu tafi."

Kowa ya san ba a musu da suruki, balle wanda bai riga ya ba ka 'yar ba. Kaina a ƙasa na ce, "A gafarce ni, Alhaji, ba zai tashi ba." Ya juya ya yi tafiyarsa. Sai washegari aka kawo kayan gyara, ni kuwa na gama cire rai da Rashida.

Bayan mako guda ya aika a kira ni. "Na ga ƙaryarka," in ji shi, "na kuma ga ba ka yi mini kara a kan raina ba. Turo magabatanka."

Wallahi har gobe ina gode wa dattijon nan, ko 'yarsa bai faɗa wa ƙaryar da na yi ba. Na dai koyi hankali: in cika baki ya zama dole, kada a yi shi a gaban ɗan Kwari, don babu garin da ba ya zuwa.