Rasuwar 'Yar Mitsila ta Dogo Tebo

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, Babayo mai buga takardu a Dogo Tebo, Potiskum, yake sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar kwamfutarsa, 'Yar Mitsila, wadda duk girmanta bai wuce tafin hannu ba. Ta cika ranar Talata da rana.

Marigayiyar mai haƙuri ce, ba ta da ci, cajar waya ma ta ishe ta. Ba a taɓa jin ƙararta ba, iyakarta ta ƙifta koriyar fitila.

Da ciwonta aka haife ta. Ƙwaƙwalwarta ɗaya ce, 'yar ƙil, kuma dole a raba ta tsakanin ɓangaren aiki da ɓangaren hoto. In Babayo ya ba hoto kaso mai tsoka, takardun jarrabawar da yake buga wa malaman garin Mamudo su sandare a allo. In ya rage, bidiyon da mahaifiyarsa, Ya Fanne, take kallo bayan la'asar ya riƙa sarƙewa, bakin marigayi mijinta na motsi, murya na can baya. Bidiyon walimar saukar Aisa ƙanwar Babayo ne, kuma nan kaɗai muryar tsohon ta rage. Ya gwada raba daidai, aka rasa wanda ya gamsu. Sai ya koma sauya lambar kason kullum: da safe ya ƙwace, da yamma kafin ya kai ta gida ya mayar, ya kashe ya kunna. Da ya kawo zancen sayen babba, Ya Fanne ta ce, "Wannan ce ta san muryar babanku. Kada ka taɓa mini ita." Kwafe bidiyon kuwa, kullum sai gobe.

Yana cikin adana sabuwar lamba aka ɗauke wuta. Saleh mai gyara ya duba katinta na ajiya, inda bidiyon yake, ya girgiza kai kawai.

Ta bar caja, da tsohuwar talabijin ɗin da ake jona ta a gida, da kati wanda ba ya gane kowa, da Babayo wanda tsoro ya hana shi cin abinci a gida.

Za a ajiye ta gobe da hantsi a gwangwanin madara, ƙarƙashin teburin shago. A shagon za a karɓi gaisuwa. Don Allah kada kowa ya je gida, domin a sanin Ya Fanne Kano aka kai ta gyara, kuma har yanzu da la'asar tana shimfiɗa tabarma gaban talabijin. Duk dattijon da zai iya faɗa mata, Babayo na roƙonsa ya zo da wuri.