Firjin Inna, Wanda Aka Kashe Kan Laifin Wani

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika, takaici kuma ya yi mata murfi, Inna, uwar gidan nan mai jar ƙofa, tana sanar da 'yan uwa da maƙwabta, har da masu aiko yara karɓar ƙanƙara ba ko sannu, rasuwar firjinta. Ya rasu ranar Talata da hantsi, a tsakar gida, a kife, bayan shekara ashirin da shida yana bakin aiki. Inna ta ce a rubuta da babban baƙi cewa ba tsufa ne ya kashe shi ba. Ƙazafi aka yi masa, aka yanke masa hukunci ba a bincika ba. Ta kuma ce ba don neman ta'aziyya kaɗai aka fitar da wannan sanarwa ba: muddin laifin yana kan marigayin, mai laifin na gaskiya yana nan lafiya lau a cikin gidan da jikarta take wasa.

Mijin Inna ne ya kawo shi, Allah ya jiƙansa, mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana gyaran wuta. Kwana biyu firjin ya yi a tsaye ba a jona shi ba. Sai da maigidan ya haƙa rami a bayan kicin, ya kafa sandar jan ƙarfe mai tsayin mutum, ya zuba mata gawayi da gishiri ya binne. Daga kanta ya ja wata koriyar waya zuwa akwatin fis, daga can zuwa kowane soket, ya kuma ɗaure ta a jikin bututun ruwa. Ranar ya ce da Inna, “Wuta in ta ɓalle, ƙasa take nema. Wannan ce hanyarta. In babu ita, ta jikin mutum za ta bi.” Ya roƙe ta abu ɗaya, ta riƙa zuba wa sandar bokitin ruwa kowace Asabar don kada ƙasar wurin ta bushe. Inna ta zuba yana raye, ta ci gaba da zubawa bayan ransa. 'Ya'yanta suna cewa tana shayar da itacen da ba ya tsiro, ita kuwa ko kallo ba su ishe ta ba.

Marigayin mai haƙuri ne, wannan kowa shaida ne. Bai taɓa neman hutu ba, bai taɓa ƙyamar ragowar kowa ba, har ragowar da mai ita ya manta da ita ta canza launi. Yara sukan buɗe shi sau arba'in a yini su tsaya suna kallon cikinsa kamar talabijin, bai taɓa cewa uffan ba. Ya riƙe sirrin naman da Inna ke ɓoyewa bayan robar man shanu. Maganarsa ɗaya ce, “hmmmmm,” sai in ya gaji ya ce “ƙur-ƙur-tik,” ya numfasa, ya ci gaba. Tun da maigidan ya tafi, wannan gunjin ne ke taya Inna zama a kicin.

Ciwon ajali ya samo asali ne daga ɗan Inna na biyu, wanda gida ke kira Injiniya saboda ya taɓa canza ƙwan fitila bai faɗo daga kan kujera ba. Inna ta tafi wata guda wajen 'yarta da ta haihu. Kafin ta dawo, Injiniya ya ga tsakar gidan ba ta dace da mutum irinsa ba, ya sa aka shimfiɗa tayil daga ƙofa har bayan kicin, mai santsi da ƙyalli, wanda ya kayar da baƙi uku a makon farko. Inna ta dawo ta duba, babu kan sanda, babu koriyar waya. Ta tambaya. Ya ce, “Haba Inna, tana nan a ƙasa, rufe ta kawai aka yi. Ai yanzu an ci gaba.” Ta yarda, tun da ita ta haife shi. Wata huɗu cur tana ɗaukar bokiti kowace Asabar, da ciwon gwiwarta, tana zuba ruwa a kan tayil, ruwan yana gangarewa lambatu. Injiniya yana zaune a kan kujera yana kallonta, yana danna waya.

Sai marigayin ya fara abin da aka kira cizo. Wanda ya taɓa hannun ƙofarsa sai ya ji zirr har gwiwar hannu. Famfon kicin ma ya soma yi. Gida mai cike da masu takardun makaranta, ga maganin da aka samo: aka naɗe hannun firjin da tsumma, aka ajiye silifas na roba a gabansa, aka kafa doka kowa ya sa kafin ya buɗe. Matar Injiniya ta ce tsofaffin kaya dama sukan yi mugun hali. Inna ta ce a kira mai gyara, aka ce gobe. Gobe ta yi ta haihuwar gobe.

Ranar Talata aka wanke kicin, ƙasa jiƙe. Jikar Inna, 'yar Injiniya ta cikinsa, mai shekara biyar, ta shigo da gudu ba takalmi za ta ɗauki ruwan sanyi. Tsumman ya zame, ta kama ƙarfen. Ba ta yi kuka ba, abin da har yanzu ke hana Inna cin abinci ke nan. Ta dai ƙame, ido a buɗe, hannu ya ƙi saki. Inna ta fizgi sandar tsintsiya ta doke filogin daga bango, yarinyar ta zube. Sai da aka girgiza ta kafin ta ja numfashi ta tsandara ihu. Allah ya yi da sauran kwana. Tafin hannunta na dama yana naɗe da bandeji har yau.

Nan ne Injiniya ya nuna shi namiji ne. Ya ja marigayin da ƙarfin da bai taɓa nunawa wajen ɗaukar bokiti ba, ya kai shi bakin matakala, yana cewa, “Yau sai ka bar gidan nan, tsohon banza!” Ya tunkuɗa shi. Marigayin ya faɗi a kan tayil ɗin nan mai ƙyalli, bututun bayansa ya karye. Kalmarsa ta ƙarshe ita ce “fssssss,” a hankali, har ya yi shiru. An bar jaki ana dukan taiki.

Da yamma Inna ta kira mai gyaran wuta da kanta, wani dattijo mai furfura da ya koyi aiki a hannun mijinta. Ya juya gawar, ya nuna wata 'yar waya da ɓera ya gwaguye, tana taɓa jikin ƙarfen. Ya ce, “Inna, wannan aikin minti goma ne. Da wayar ƙasa tana nan, tun ranar farko fis zai ƙone, a kira ni, shi ke nan.” Ya bi soket-soket da abin gwajinsa, fuskarsa tana ƙara ɓaci. Ya ce, “Gidan nan kaf ba shi da hanyar ƙasa. Ina sandar da maigida ya kafa?” Jikar ce, daga kan cinyar Inna, ta ɗaga hannunta mai bandeji ta nuna bayan banɗaki. Can aka sami sandar a jingine, baƙa ƙirin, tana wari. Ashe masu tayil sun ce ta tsone musu ido, Injiniya ya sa aka tumɓuke ta, aka datse wayar. Tun daga lokacin da ita ake zungure lambatu in ya toshe.

Inna ba ta zagi Injiniya ba. Ta dube shi ne kawai, ta dubi bokitinta, ta tofar da yawu gefe. Ta ce a rubuta cewa a duk shekarunta ba ta taɓa jin ƙyamar abu kamar yadda ta ji a wannan lokacin ba, kuma ba warin sandar take nufi ba.

Marigayin ya bar dutsen guga, da butar lantarki, da injin markaɗe, da fanka mai ƙafa ɗaya, dukkansu marayu, an cire su daga wuta har sai abin da hali ya yi, domin mai gyara ya ce kowannensu zai iya zama abin zargi na gaba. Ya bar faranti biyu na ƙanƙara da silifas ɗin da aka wulaƙanta shi da su. Ya bar Inna, wadda yanzu shirun kicin ya yi mata yawa. Ya kuma bar wani sabon firji mai ƙofa biyu da Injiniya ya kawo washegari yana murmushi. Yana nan a zaure cikin kwalinsa. Inna ta ce wanda ya jona shi kafin a gyara gidan, ya haɗa kayansa tare da kwalin.

Za a yi rakiya ranar Asabar da safe. Mai sayen tsofaffin ƙarafa zai zo da kurarsa, kuma an gargaɗe shi ya ɗauki marigayin a tsaye, kada ya ja shi a ƙasa. Ba a buƙatar kuka daga waɗanda suka naɗa tsumma. Bayan an fita da shi za a yi binnewa a bayan kicin, amma sandar za a binne. Injiniya ne zai wanke ta da sabulu, shi zai fasa tayil ɗinsa da guduma, shi zai yi haƙa da hannunsa, mai gyara yana tsaye a kansa. Masu zuwa ta'aziyya su taho da gawayi ko gishiri. In an rufe ramin an ɗaure koriyar waya, jikar Inna ce za ta zuba ruwan farko. An nemo mata ƙaramin kofi, domin da hannun hagu za ta riƙe.