Dokar Darakta Ta Biyo Shi Gida

"Ina wuni, tsoho? Lafiya dai? Har yanzu ba a aiko a ɗauke ka ba?"

"Lafiyar uwaki! Ƙarfe biyu na ce ki zo, ga shi uku da rabi ta gota!"

Ni ce uwar da aka zaga, ina tsaye bakin ƙofar falo. Mai zagin mahaifina ne, ya yi ritaya yana darakta, har yau ba na iya haɗa ido da shi. Wadda ta shigo tana karkaɗa jaka kuwa 'yata ce, mai gyaran kwamfuta, ita kaɗai ce a zuri'armu ke taka shi ta kwana lafiya.

Ranar ba ranar wasa ba ce. Innarmu shekara uku ba ta gani, an yi mata aikin ido a wani asibiti mai nisa, ƙanena na jinyarta. Ƙarfe huɗu likita zai kwance bandeji, ta kuma rantse fuskar Baba take so ta fara gani. Asibitin ya turo linkin da za a buɗe a kwamfuta a ga juna. Baba ya danna ya fi sau ashirin, kwamfutar da ofis ya ba shi kyautar sallama ta ƙi.

"Injiniyar bola, duba min wannan shegen akwatin. Wai an hana!"

"Matsa, kana tare min haske da wannan sanƙon." Ta zauna ta leƙa. "Ai ga shi ɓaro-ɓaro a saman burauza, manhajar shiga intanet. Ta ce hukumarku ce ke iko da ita."

"Wace hukuma? A gidana? Ni na gina ɗakin nan! Kawo wayarki mu yi da ita."

"Wayar da ka zaune wa ranar Asabar? Kyamararta ta tafi lahira, tana can tana jiranka."

"Ke kika ajiye ta a kujerata!"

"Kai kuma ka zauna kamar an sauke buhun siminti."

Ta buɗe wani shafi, jerin dokoki suka zubo reras. Ta bi su da yatsa tana karantawa.

"An toshe kyamara. An toshe makirfo. An toshe duk shafin kiran bidiyo. Ofis ne ya ɗora su, da za su ba ka kuma ba su goge ba."

Baba ya miƙe yana kumfar baki, hularsa har ta karkace.

"Wane azzalumi ne ya kafa wannan? Wane mara imani? Mutum ba zai ga iyalinsa ba? Wallahi da ina kan kujera yau zai kwashe kayansa!"

"Ƙara zage shi, tsoho, ban ƙoshi ba."

"Jaki ne! Dutse ne a ƙirjinsa!"

"Madalla. Sa tabarau ka karanta abin da shafin ke rubutawa in ya hana ka."

Ya sa, ya sunkuya. Ita ta karanta masa da ƙarfi don kada ya ce bai gani ba: "An hana bisa umarnin Darakta, takarda mai lamba goma sha bakwai."

Na san takardar nan, har gida ya zo yana taƙama da ita a lokacin, wai ya yi maganin masu hira a bakin aiki.

"Wani daraktan ne," in ji shi.

"Shekarar fa? Wa ke kan kujera?"

"Ofis daban, gida daban! Ragwaye ne, sai kallon ƙwallo!"

"Akawun nan naka ma ƙwallo yake kallo? Wanda ka ba takardar gargaɗi don ya nemi a buɗe masa ya ga babarsa a gadon asibiti?"

Wannan ta wuce wasa, kuma gaskiya ce. Mahaifiyar akawun ba ta tashi daga ciwon nan ba. Na ji haushin yarinyar, na kuma ji daɗin da aka samu mai faɗa masa.

"Fitsararriya! Za ki cire ko sai na ci mutuncinki?"

"Ba ni kalmar sirrin mai iko da na'urar. Ba ita, ba shiga."

"Ina zan san ta?"

"Suna rubutawa a bayan takardar da suka mallaka maka ita. Tana ina?"

Tana jikin bango. Baba ya sa an yi mata firam da gilashi, kullum sai ya goge ta da hannun riga. Kafin ya buɗe baki ta sauko da ita, ta zare ƙusoshin baya da sukundireba.

"A hankali! Shekara talatin da biyu ce a hannunki!"

"Saura minti tara, tsoho. Firam ko Inna?"

Ta shigar da kalmar, ta kutsa can cikin rajistar kwamfutar inda dokokin ke kwance, ta haskaka su gaba ɗaya. Sai ta janye hannunta ta rungume.

"Me kuma kike jira, don ubanki?"

"Ni ƙaramar ma'aikaciya ce, ban isa in soke umarnin Darakta ba. Ga madannin gogewa nan. Wanda ya ɗaura shi zai kwance."

Ya harare ta, ya harari agogo. Da yatsan nan da ya sha nuna wa mutane ƙofa ya danna. Ta kashe burauzar ta sake kunnawa, rubutun hukuma ya ɓace. Ta taɓa linkin, 'yar fitilar kyamara ta kawo.

Sai ga ɗakin asibiti, ga ƙanena, ga hannun likita yana warware bandeji. Inna ta yi ta ƙifta ido, ta matso da fuskarta. Baba ya riƙe gefen tebur da hannu biyu.

"Malam?" in ji ta. "Kai ne ka tsufa haka? Kuma shekara uku ba wanda ya ce maka hular nan a karkace take?"

Dariya ta ƙwace masa, hawaye na bin gemunsa. Ni kam na juya baya ina share nawa da mayafi.

Aka gama kiran. Can ya ce, ba tare da ya dubi 'yata ba, "Akawun nan, kina iya samo min lambarsa?"

"Ina iyawa. Amma aikina ba kyauta ba ne."

Ya laluba aljihun gaba ya zaro alƙalaminsa mai ruwan zinare, wanda ko taɓawa ba a yi, ya cilla mata a cinya.

"Ungo, 'yar banza, kin ci. Da shi na sa hannu a takardar. Tafi da shi kafin in rubuta wata."