Ɗigon Mazarƙwaila

"Sannu da gida, angona mai haƙori uku. Ya ƙafar?"

"Da sauƙi, amaryar da ba ta iya tuƙa tuwo ba. Ina saƙona?"

Malam Ɗan'azumi na zaune a zaurensa a Nasarawan Doya lokacin da jikarsa Khairiyya ta shigo. Hutu ta zo daga jami'a a Zariya. Tun hantsi ya aike ta kasuwar Makarfi a ɓoye ta sayo masa mazarƙwaila curi biyu, don likita ya hana shi zaƙi saboda ciwon suga. Sai bayan la'asar ta dawo, da littafi a hannu.

Ya tambayi abin da ya tsare ta. Ta ce Makarfi ce ta ƙara nisa, domin littafin nan ya ce sararin samaniya kullum buɗewa yake, gungun taurari na ta guje wa juna.

"Shekara sittin ina zuwa Makarfi a keke, ba ta gusa ba sai yau da na aiki malalaciya."

"Tsufa ne ya hana ka lura. Sun ce komai daga ɗan ɗigo ya faro, shekara biliyan goma sha uku da ɗoriya. Na ce bari in tambayi mijina, lokacin yana saurayi."

"Ina wurin, kuma ban ga marubucinki ba. Allah ya yi abinsa, su suna bin baya da awo. Miƙo saƙona."

Ta kwance leda, ta ɗora masa ɗan gutsure kamar ƙwallon dabino a tafin hannu. Ya juya shi, ya kai kusa da ido.

"Sama na buɗewa, mazarƙwailata na tsukewa?"

"Ɗigon farko ne. Ajiye shi, zai girma."

Ya rantse gobe zai sake ta, ya auro mai tallan alewa. Ta ce ba mai ɗaukar tsohon da ko rake sai an tauna masa. Ta ƙara da cewa ya bi a hankali, ita rana ma an rubuta za ta kumbura ta mutu.

"To tunda rana ma tafiya za ta yi, bar ni in sha zaƙina."

Khairiyya ta rufe littafin. Ta ce a tasha ta karanta shafin nan, mutuwar rana ba ta dame ta ba, amma ta tuna bara da aka ɗauke shi a sume zuwa asibiti. Ta daɗe zaune kafin ta shiga kasuwar.

"Rana tana da sauran shekara biliyan biyar. Kai nake so ka kai baɗi, ka ga na gama karatu."

Tsohon ya kalli tafin hannunsa. Can ya yi dariya, ya gutsura ɗigon biyu, ya miƙa mata babban.

"Kin ci ni, na fasa sakin. Zauna ki karanta min wurin mutuwar ranar nan, in ji wa zai je mata ta'aziyya cikin duhu."